Direban ambilans shi ma yana buƙatar barci



Kwanan baya, bayan shirin dare, wani bawan Allah ya kira ni ransa a ɓace. Matarsa na naƙuda, majo ya kira ambilans tun magariba, ba ta iso ba sai wajen sha biyun dare. Ya zagi direba iya zagi. Ban ga laifinsa ba, duk wanda ya taɓa tsayuwa kan mai naƙuda ya san zafin. Amma da na bi diddigi, ashe tun asuba direban nan yake bisa hanya, wannan ce fitarsa ta uku, ko tuwo bai zauna ya ci ba.

Ku duba aikin da kanku. A taso daga asibitin gunduma a shiga daji, wajen Urafan ko Kanambakashe, cikin yashi, da damina kuma ga taɓo ga ruwan Gulbin Kaba. A ɗauko mai jinya. In abin ya fi ƙarfin lokotoro a ce sai Maraɗi. Daga Tasawa kilomita sama da 100 ne, ta Gazawa da Agye da Cadawa, cikin dare, ga manyan motoci, ga amalanke ba fitila, ga jakai a tsakiyar gudron. Ya sauke, ya juyo, kafin ya iso gida waya ta sake ƙara. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin zazzaɓin cizon sauro, wallahi wasu ba su sanin ranar hutu.

Masu binciken barci sun nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, tuƙinsa na kama da na wanda ya sha giya. A Turai, doka ta tilasta wa direban babbar mota hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Wancan fa kaya yake ɗauka. Namu rai yake ɗauka, uwa da abin da ke cikinta.

Sai ma'aikacin jinya da ke zaune a baya, riƙe da ledar ƙarin ruwa mota na jijjiga shi. Wani sa'in mai jinya ya cika a hannunsa kafin a kai. Ya wanke jini, ya koma aiki da safe, ba wanda zai ce masa sannu. Mu nan in namiji ya ce abin na hana shi barci sai a ce ya cika raki.

Ni ra'ayina, tunda a wurare da yawa ana karɓar dala ashirin bisa kowane mai zuwa awo don kuɗin ɗaukar marasa lafiya, to kwamitocin kula da likita da magadan gari su zauna su faɗa mana ina kuɗin ke tafiya. Mai da taya kaɗai? Kowace ambilans na buƙatar direba biyu masu karɓa-karɓa, da safar hannu da sabulu isassu, musamman ga waɗanda suka ga kwalarar 2018 da 2021 a jihar nan.

Mu ma dangi da namu. Mutum shida su cusa kansu cikin mota, kowa na cewa "taka, taka mana!" Haba. Mutum ɗaya ya raka, saura su biyo da safe. In kuma direba ya tsaya Cadawa ya wanke fuska ya kurɓi shayi, don Allah ku bar shi ya shanye.