Wasiƙa ga Maƙeran Kibiya kan Wuƙar Aljihu mai Girgiɗi

Iyayena maƙera na cikin garin Kibiya da Tarai da Durba, har zuwa Rano. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da zafin wuta.

Ni ba maƙeri ba ne, a gidan wanzamai na tashi, kuma kun san askar wanzami daga hannunku take fitowa. Wannan zumuncin ne ya ba ni ƙarfin halin yi muku magana a kan wani ɗan ƙaramin abu da bai kai faɗin farce ba, amma yana sa mutane jefar da wuƙaƙe masu kyau a bola.

Bara wuƙar aljihun da yayana ya ba ni ta fara girgiɗi. In na buɗe ta zan fere rake, sai in ji ruwan wuƙar yana rawa hagu da dama kamar haƙorin tsoho. Na kai wa wani maƙeri, ya ɗora ta a kan uwar maƙera, ya ba ƙusar da ke riƙe da ruwan wuƙar guduma uku, ya miƙo mini. Ta yi tauri har sai da na sa ƙarfi kafin ta buɗu. Bayan mako biyu girgiɗin ya dawo, ga ƙotar ta tsage. Ban ga laifinsa ba, abin da ya tarar ana yi ya yi. Amma ciwon ba a ƙusar yake ba.

Yawancin wuƙaƙen da ake naɗewa na yanzu, a inda ruwan wuƙa ke juyawa akwai washa biyu sirara, ɗaya ta kowane gefe. Su ne ke hana ƙarfe cin ƙarfe, su ne ke tsayar da ruwan a tsakiyar ƙota. Masu tsada da tagulla ake yi musu, masu araha da roba. Ƙurar hunturu da yashin gona na shiga wurin su haɗu da mai, su zama tamkar magagari, kullum suna ci kaɗan-kaɗan. Idan washa ta cinye aka daki ƙusa, an matse ƙotar ne kawai a kan ramin da ke nan.

Na san abin da za ku ce: ina za a samo ta? Gaskiya ne, wahalarta ta fi kuɗinta. Ko mutum ya tafi Kano ya zaga Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, washar da zai fi gani ta noti ce, mai kauri, ta baƙin ƙarfe, alhali ta wuƙa sau da yawa ba ta kai rabin milimita ba. Kuɗin motar kaɗai ya sayi sabuwar wuƙa. To, me zai sa ɗan maƙera ya je nema? Ku yanka da kanku.

Tagullar tana wajen 'yan gwangwan. Tsohon risho, lagireton tsohuwar mota, da 'yan siraran ƙarafan cikin lalataccen soket na lantarki, duk suna bayarwa. In ta yi kauri a buga ta ta baje. Sai dai tagulla halinta daban da na baƙin ƙarfe: duka ne ke sa ta tauri, in kuwa aka gasa ta ta yi ja aka tsoma a ruwa, laushi take yi. 'Yan'uwanku masu ƙirar fari sun fi kowa sanin wannan, ba abin kunya ba ne a leƙa a tambaye su. Gwangwanin lemo kada ya ruɗe ku don yana da sirantaka, alminiyon ne, ba ya jure guga. Kwabbai kuma ku bar su, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana lalata kuɗi.

A fara huda ramin tukuna, daidai kaurin ƙusar, kafin a yanke da'irar. Wanda ya fara yankewa zai rasa wurin riƙewa. Sannan a kwantar da ita a kan dutsen wasa, a danna da ɗan yatsa, a goga gaba da baya har gefen ya daina kama fata. Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gaggawa. Washa biyun dole kaurinsu ya zo ɗaya. In ɗaya ta fi, ruwan wuƙa zai karkace yana gogar ƙota duk sanda aka rufe. Ko guda ce ta lalace, a canja duka biyun.

Wajen mayarwa a dubi irin wuƙar. Tsofaffin ƙira irin su Okapi, wadda aka fara yi a Jamus a 1902 kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, dakakkiyar ƙusa ce ke riƙe da su. Irin wannan, a soka guntun reza tsakanin ruwa da ƙota, a daki kan ƙusar a hankali da muntalaga, sannan a zare rezar. Ɗan sararin da ta bari shi ne numfashin wuƙar. Sababbi masu zuwa daga Sin kuwa da yawansu sukuru gare su mai kan tauraro. Don Allah kada a sa musu kurfi. Yaran da ke gyaran waya suna da sukundireban da ke kwance su. A ƙarshe a ɗiga man keken ɗinki, ba man gyaɗa ba, don shi daɗewa yake ya zama danƙo.

Aikin zai ci lokacin da za a ƙera lauje, na sani, kuma mai wuƙa zai so ya biya kuɗin guduma uku. Ku kwance ta a gabansa, ku ɗora masa cinyayyiyar washar a tafin hannu, ku faɗi kuɗinku ba tare da jin nauyi ba. Ina roƙon Sarkin Maƙera da sauran dattawan sana'a, a zaunar da yaran da ke bakin zuga-zugi a nuna musu wannan yankan kafin kaka ta zo. Tawa wuƙar tana nan a ajiye, zan kawo ta a fara da ita.

Allah Ya yi wa sana'a albarka. Wassalam.