Gaz a Damagaram, girki da itace

Jiya bayan na tashi daga aiki na tsaya bakin hanya, na ga kamyo biyu shaƙe da itace suna shigowa gari. Na ce a raina: yau kuma dajin wane ƙauye aka aske?

Tun ƙarshen 2011 matatar SORAZ ke aiki arewa da Damagaram, kan hanyar Tanut. Ganga dubu 20 aka gina ta ta tace a rana, daga man Agadem, kuma har da gaz na girki tana fiddawa. To ku leƙa madafar iyayenmu mata a karkara. Murhu ne na duwatsu uku, hayaƙi a ido, tari a ƙirji, goyo a baya yana shaƙa.

Na san wani zai ce gaz ma yana gurɓata iska. Gaskiya ne. Amma mu nan, abin da ke cinye mana ƙasa kullum shi ne gatari. Manoman Maradi da Damagaram sun yi shekaru suna renon gawo a gonakinsu har duniya ta yaba, ana zancen itatuwa miliyan 200. Gawo na ba gona taki, ya ba dabba abinci da rani. Ranar 3 ga Agusta mu shuka, sauran watanni mu sare. Ina riba?

Matsalar ba mata ba ne. Itace ana sayen shi na dala ashirin, a yi tuwon dare. Butalin gaz na farko kuwa sai an tara kuɗi dunƙule, in ya ƙare sai an je birni, wani lokacin a tarar babu.

Yanzu ana maganar babban bututun gaz daga Najeriya zuwa Aljeriya, fiye da kilomita dubu 4, ta cikin ƙasarmu. Madalla. Amma kafin gaz ya ratsa mu ya kai Turai, a sassauta kuɗin butalin farko, a buɗe wurin cikawa a kowace babbar kasuwar mako. Magadan gari, wannan naku ne.

Ku faɗa mini: a garinku nawa ake cika butali, kuma tafiyar kilomita nawa ce? Zan karanta amsoshinku a shirin gobe, in Allah ya kai mu.