Ciwon Alkama: Yadda Likita Ke Gano Shi

Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Burodi da taliya da fanke sun zama abincin safe a gidaje da dama na Dakoro, musamman gidajen ƴan kasuwa da ma'aikata. Amma akwai mutanen da alkama ke cutar da su ba tare da sun sani ba. Ciwon nan Turawa na kiran sa siliyak, kuma yana kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya.

Mafarin abin shi ne wani sinadari mai suna gulutan da ke cikin alkama da sha'ir. Idan mai ciwon ya ci shi, sai garkuwar jikinsa ta auka wa ƙaramin hanji, ta lalata ƴan tsirarrun da ke tsotse amfanin abinci. Daga nan sai zawo mai daɗewa, da kumburin ciki, da rama, da ƙarancin jini. Yaro kuwa girma ya tsaya masa. Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya nuna alhakin alkama a shekarar 1950. Kada a ce ciwon Turawa ne kawai: binciken da aka buga a 1999 ya same shi ga kashi 5,6 cikin ɗari na yaran Sahrawi da aka auna a Aljeriya.

Wuyar sha'anin ita ce alamunsa sun yi kama da na tamowa da tsutsar ciki, waɗanda jahar Maraɗi ta fi sani. Saboda haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci.

Matakin farko awon jini ne. Ana neman wata alama mai suna tTG-IgA, a kuma auna yawan IgA baki ɗaya, domin wanda ke da ƙarancinta awonsa na iya fitowa lafiya alhali ciwon na nan. Idan jini ya nuna, sai mataki na biyu: a zura siririn bututu mai ido ta baki har farkon hanji, a tsinko ɗan nama kaɗan a duba shi da madubin likita. Ana haɗa awon biyu ne don wasu cututtukan ƙasashe masu zafi su ma suna lalata hanji haka nan. Irin wannan aiki na manyan asibitoci ne. Asibitin Dakoro ke ba da takardar turawa.

Ga babban gargaɗi: kada a daina cin alkama kafin awo. Wanda ya daina, hanjinsa ya soma warkewa, alamar ta ragu cikin jini, sai kuɗin mota da na awo su tafi a banza. In an tabbatar da ciwon, ya kamata a auna iyaye da ƴan'uwa da ƴaƴa, domin yana bin jini.

Maganinsa ɗaya ne, barin alkama har iyakar rayuwa. A nan Allah ya rufa wa ƙasar asiri: hatsi da dawa da masara da shinkafa da wake babu gulutan cikinsu. Fura da tuwo da ƙosai ba su da laifi, sai dai a kiyayi ɗanwaken da aka haɗa da garin alkama.

Duk maigidan da yaronsa ke zawo wata da watanni, an ba shi magani bai ji ba, to ya gaya wa likita abin da yaron ke ci, ɗaya bayan ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya ƙara lafiya.