Barbuda: guguwa ta tafi da rufin gidaje, aikin gyara ya tafi da filaye

Cikin daren 6 ga watan Satumba na shekarar 2017, mahaukaciyar guguwar nan da aka raɗa wa suna Irma ta faɗa wa tsibirin Barbuda da ke tekun Karibiyan, da iska mai gudun sama da kilomita 280 a awa guda. Kafin gari ya waye, kusan kashi 95 cikin 100 na gine-ginen tsibirin sun lalace, wasu rufi ya tafi, wasu ko bango bai saura ba. Wani ƙaramin yaro ya rasa ransa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin masana yanayi sun sanar da cewa wata guguwar mai suna Jose tana tafe a bayanta. A kan haka ne magabatan ƙasar Antigwa da Barbuda suka ba da umurnin a kwashe kowa da kowa, mutum kimanin 1,800, a cikin jiragen ruwa da na sama, zuwa Antigwa, babban tsibirin da fadar gwamnati take. Jose ta kauce daga ƙarshe, amma ba a ɗage dokar hana komawa ba sai ranar 29 ga watan.

Kwashe jama'ar da aka yi ba mu ga laifinsa ba. Duk shugaban da ya bar talakawansa a cikin kangaye, babu ruwan sha, babu wutar lantarki, ga kuma wata guguwa a hanya, shi ne abin zargi. Maganarmu tana kan abin da aka yi a tsibirin lokacin da masu shi ba su nan, da kuma irin tsarin farfaɗowar da aka shimfiɗa musu suna kwance a filin wasan ƙwallo da sauran masaukai na Antigwa.

Sai mun ɗan koma baya kafin mai karatu ya gane inda gizo ke saƙa. Barbuda ƙaramin wuri ne, bai wuce murabba'in kilomita 160 ba, kuma gari ɗaya tak ke cikinsa, wato Codrington. Sunan na wasu Turawan Ingila ne da suka karɓi hayar tsibirin daga hannun masarautarsu a 1685, suka zuba bayin da aka kwaso daga Afirka domin su yi musu kiwo da noman abincin da ake kai wa gonakin rake na Antigwa. Da aka ƴanta bayi a 1834, mutanen Barbuda ba su watse ba. Suka ci gaba da noma da kiwo da kamun kifi a inda suke, har iyalan Codrington suka saki tsibirin a 1870. Tun daga nan al'adar ta kafu: fili na kowa ne, ba a sayar da shi, ba a saye. Ɗan Barbuda da ke bukatar wurin gina gida ko gona, ana yanka masa, ya zauna, ya bar wa ƴaƴansa ginin, amma ƙasar tana nan ta jama'a. Wanda ya san hukuncin makiyaya da burtali da rijiyar gari ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. A 2007 majalisar dokokin ƙasar ta mai da al'adar doka a rubuce, ta kuma ce duk wani babban aiki da za a yi a tsibirin sai da yardar mazaunansa.

Wannan doka ta daɗe tana tsone wa wasu ido. Tun a 2015 gwamnatin faraminista Gaston Browne, wanda ya hau mulki a 2014, ta yi wata doka ta musamman domin share fage ga wani katafaren masaukin masu yawon buɗe ido na dala miliyan 250, wanda ɗan wasan fim na Amurka Robert De Niro da attajirin Ostireliya James Packer suka shirya ginawa a bakin tekun Barbuda. Ke nan rigimar filaye ta girmi Irma. Abin da guguwar ta yi shi ne ta kwashe masu gardama daga wurin, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ba a cika makonni da masifar ba, faraministan ya fito da shawararsa: a sayar wa kowane ɗan Barbuda filin da gidansa yake kai a kan dala 1, a ba shi takardar mallaka, ya kai banki jingina, ya ci bashi ya sake gini, ya kuma sami damar yi wa gidan inshora. Gaskiya ne, hujjar ba ta banza ba ce, kuma bai kamata a yi watsi da ita don ƙin mai ita ba. Ƙididdigar da aka yi tare da Bankin Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna ana bukatar kimanin dala miliyan 222 domin farfaɗowa. Asusun inshorar bala'o'i na ƙasashen Karibiyan, wanda aka kafa a 2007, ya biya ƙasar cikin makonni biyu, abin a yaba, amma kuɗin ba su kai dala miliyan 7 ba. Ƙasar da jama'arta ba su kai dubu 100 ba, ina za ta samo cikon? Banki kuwa ko'ina yake a duniya ba ya ba da bashi a kan filin da ba zai iya ƙwacewa ya sayar ba.

To amma a nan ne matsalar take. Masuncin da guguwa ta farfasa wa kwalekwale, ta kuma cire masa rufi, da me zai biya bashin? Ranar da ya kasa biya, filin ya tafi, kuma ba maƙwabcinsa ne zai saye ba, mai dala ne daga waje. Sannan filayen da gidaje ke kai ɗan yanki ne kawai na tsibirin. Sauran, wato daji da bakin teku da wuraren farauta da kiwo, da zarar an soke mallakar bai-ɗaya sun koma hannun gwamnati, ta ba wanda ta ga dama. Abin da aka miƙa wa talaka a kan dala 1 nasa ne tun fil azal, abin da aka karɓe masa kuwa shi ne mai tsadar. Mutanen Barbuda sun gane wannan lissafi sarai. A zaɓen watan Maris na 2018 sun kayar da ɗan majalisarsu Arthur Nibbs na jam'iyya mai mulki, suka zaɓi Trevor Walker mai adawa da shirin. Sai dai kujera ɗaya ce Barbuda take da ita cikin 17 na majalisar, don haka a cikin wannan shekarar aka soke dokar 2007.

Idan ana son a san wa aka yi wa tsarin farfaɗowa, a dubi aikin da aka fara da shi. A Barbuda, tun cikin watan Satumban 2017, jama'a na can Antigwa, manyan motoci suka shiga dajin tsibirin suna share wurin sabon filin jirgin sama, ba tare da takardar izinin da dokar tsara gine-gine ta ƙasar ta wajabta ba. A daidai lokacin asibiti na lalace, makarantu a rufe, yara na karatu a wani tsibiri, abin da ya tilasta wa iyaye da dama zama a can ko da suna son komawa. Shekara ta zagayo akwai iyalan da ke cikin tantuna, akwai gidajen da wuta ba ta koma musu ba. Ba mu ce filin jirgi ba shi da amfani ba, tsibiri yana bukatar hanyar shiga da fita. Tambayarmu ita ce yadda aka sami injuna da kuɗi da hanzari domin titin saukar jirage, aka rasa irinsu domin ajin ƴan firamare.

Akwai kuma wani abin da ya fi ba mu mamaki. A gefen yammacin tsibirin akwai babban tafkin Codrington, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya masu kariya a 2005. Tudun yashi da itatuwan bakin ruwan da ke kewaye da shi su ne garkuwar garin, su ke karya ƙarfin igiyar teku kafin ta iso gidaje. Bayan Irma, a yankin Palmetto da ke jikin wannan wuri aka bar wani kamfanin Amurkawa ya shiga gina gidajen alfarma da filin wasan golf. Tsarin da ake cewa an yi shi ne don tsibirin ya jure wa guguwa ta gaba, shi ne kuma ya bari aka taɓa abin da ke tare guguwar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, da an zauna da masuntan Codrington da sun faɗi wannan ba tare da an biya wani masani ko sisi ba.

Shari'a ta yi abin da ta saba, ta zo a makare. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe ga ƙasar tana Landan, gadon mulkin mallaka da ƴancin kan 1981 bai kawar ba. A watan Yunin 2022 ta yi watsi da ƙarar da Trevor Walker da Mackenzie Frank suka shigar a kan dokar 2015, ta ce haƙƙin da dokar 2007 ta ba ƴan tsibirin bai kai irin mallakar da tsarin mulki ke karewa ba. Sai a ranar 27 ga Fabrairun 2024 ta yanke cewa wasu ƴan Barbuda biyu, John Mussington, masanin halittun teku kuma tsohon shugaban makaranta, da Jacklyn Frank, tsohuwar malama, suna da hurumin ƙalubalantar aikin filin jirgin, bayan wata kotun yankin ta ce ba su da shi. An yi murna da hukuncin a faɗin Karibiyan, kuma ya cancanci murna. Amma a lura, izinin shigar da ƙara kawai aka ba su, bayan shekaru sama da 5 ana fafatawa.

Guguwa ba ta daina zuwa ba. Beryl ta daidaita tsibiran Carriacou da Union a watan Yulin 2024, Melissa ta afka wa Jamaika a Oktoban 2025, kuma duk inda aka yi irin wannan ɓarna za a sake zama a rubuta tsarin farfaɗowa, masu ba da agaji da masu zuba jari su kewaye tebur. Ra'ayinmu shi ne ƙasashen yankin su rubuta a cikin dokokinsu, tun sama na garau, cewa muddin jama'ar wani wuri suna gudun hijirar bala'i, ba a sauya dokar filayensu, ba a ba da hayar ko taƙi ɗaya, ba a fara wani babban aiki in ban da ruwa da wuta da asibiti da makaranta. Masu ba da tallafi su ma suna iya gindaya wannan a matsayin sharaɗi, tun da sun iya gindaya wasu sharuɗɗan da ba su kai shi muhimmanci ba. Jinkirin wata 6 ko shekara guda ba zai kori mai jarin kirki ba.

A Barbuda dai an buɗe sabon filin jirgin a watan Oktoban 2024, wata 7 da ƴan kwanaki bayan hukuncin Landan.