Zuwa ga Masu Zana Tankunan Matsi: Ku Duba Abin da Bututu Ke Ɗora wa Nozul

'Yan'uwana injiniyoyi, manya da ƙanana.

Na rubuto ne a kan wuri ɗaya tak a jikin tankin matsi: nozul, ɗan wuyan nan da ake yi wa walda a bangon tanki don bututu ya kama. Ko a matatar mai ta Kaduna kuke, ko ta Zinder, ko a wata ƙaramar masana'anta mai tukunyar tururi, maganar ta shafe ku.

Da yawanmu, da zarar lissafin UG-37 na kundin ASME, Sashe na 8, ya fito daidai, sai hankali ya kwanta. An huda bango, an rama ƙarfen da aka cire da kaurin wuya ko da faci, shi ke nan. To amma wannan lissafi matsi kaɗai ya sani, bai san da wani bututu ba. UG-22 ne ya ce a yi la'akari da nauyin da bututu ke ɗorawa, sai dai Kashi na 1 na wannan Sashe bai shimfiɗa yadda za a lissafa ba, ya bar wa mai zane. Abin da aka bar wa mutum kuwa ba tare da gurbin cikewa a fom ba, shi ake fara mantawa.

Bututun ƙarfe mai tsawon mita 30, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 200, zai miƙe da kusan santimita 7. Miƙewar nan ba ta neman izini. In an ɗaure ɗaya ƙarshen kuma babu isassun gwiwoyin da za su shanye ta, a nozul za ta sauke. Duk lokacin da aka tayar da aiki aka kuma tsayar, bangon tanki ya lotsa ya dawo, har wata rana 'yar tsaga ta bayyana a gindin walda. Kafin nan filanji ya fara yoyo, ana ta canza gasket ana ƙara ɗaure noti. An bar jaki ana dukan taiki.

Na san daga inda matsalar take fitowa. Tanki yana daɗewa a ƙira, don haka ana ba da odarsa tun mai bututu bai gama shata hanyarsa ba. Sai a miƙa wa maƙera teburin nauyin da aka yarda kowane nozul ya ɗauka gwargwadon girmansa. Hakan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a rufe fayil a nan. Bayan watanni, lokacin da manhajar CAESAR II ta fitar da ainihin nauyin, mai bututu yana zaton mai tanki ya duba, mai tanki kuma ya riga ya koma wani aikin. Ku nemi waɗannan lambobi da bakinku, na lokacin sanyi, da na lokacin aiki, da na lokacin da ake wanke layi da tururi, domin wani sa'in na ƙarshen ne ya fi kowanne tsanani.

In sun zo, ku san kayan aikin da ke hannunku. Kundin lissafi na WRC 107 ya fito ne a 1965, an gina shi a kan binciken da Bijlaard ya yi a Jami'ar Cornell a shekarun 1950, kuma WRC 537 na 2010 shi ɗin ne aka sabunta. Wurare takwas yake dubawa a bangon tanki kewaye da nozul, ciki da waje, bai kuma ce komai a kan wuyan nozul ɗin kansa ba. In wuyan ya fi bangon siranta, can ne wahalar take, sai ku nemi WRC 297 na 1984. Dukansu suna da iyaka: da faɗin nozul ya haura kusan sulusin faɗin tanki a WRC 107, ko rabi a WRC 297, ko ya karkace, ko ya matso kusa da wani nozul, lamba mai kyau a allon kwamfuta ba hujja ba ce. A nan aikin binciken kwamfuta na FEA ne. Ku kuma kula da juyawar layuka daga na mai bututu zuwa na nozul. Bangon tanki ya fi rauni ga lanƙwasar da ke bin kewayensa fiye da wadda ke bin tsawonsa, kuma musanya su biyun ya isa ya mayar da faɗuwa ta zama ci.

Sai turin da matsi ke yi. Matsin bar 10 a cikin nozul mai faɗin milimita 300 turi ne na kusan tan 7. Inda aka sa mahaɗa mai miƙewa da tsukewa ba tare da sandunan riƙe ta ba, dole wani abu ya tare wannan turi. A Flixborough ta Ingila, an cire tanki na 5 saboda ya tsage, aka haɗa na 4 da na 6 da karkataccen bututu mai inci 20 tsakanin irin waɗannan mahaɗai biyu. Zanensa da alli aka yi a daɓen shago, babu wanda ya lissafa murɗar da turin zai haifar. Ranar 1 ga Yuni 1974 ya ɓalle, mutum 28 suka rasu.

In lissafi ya faɗi, kada ku yi gaggawar ƙara kauri. Nozul mai kauri ya fi tauri, mai tauri kuwa ya fi jawo wa kansa nauyi. Ku zauna da mai bututu. Sau da yawa matsar da madogari ɗaya ko ƙara gwiwa ya fi araha.

Ku kuma fita fili ranar haɗawa. In kun ga an rataya sarƙa ana jan bututu da ƙarfi don ramukan filanji su haɗu, nauyi ne ake ɗora wa nozul wanda ba ya cikin takardar kowa. Ku sa a saki sarƙar, a yanke, a daidaita, a sake walda. Kuma don Allah kada waninku ya sa hannu a takardar tanki sai ya ga lambobin mai bututu na ƙarshe da idonsa.

Wassalam,
ɗan'uwanku a sana'a.