Kundin Odumodublvck na Farko: Abuja Ke Shuka, Ikko Ke Girbi

A farkon watan Oktoba na shekarar 2025 ne mawaƙin nan na gambarar zamani da ya tashi a Abuja, Tochukwu Ojogwu, wanda aka fi sani da Odumodublvck, ya fitar da kundin waƙoƙinsa mai suna Industry Machine. Ko da yake ya daɗe yana sakin waƙoƙi, har da tarin da ya kira Eziokwu a shekarar 2023, an ɗauki waɗancan a matsayin share fage ne, wannan kuwa shi aka yi wa shela cewa shi ne babban kundinsa na farko.

Watakila mai karatu da ke sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, ko mai canjin kuɗi a Sabon Badun, ko mai fawa a Fatakwal ya ce ina ruwan biri da gada, zama mawaƙin ba Bahaushe ba ne, kuma ba da Hausa yake waƙa ba. To, amma akwai ruwansa. Na ɗaya, irin waɗannan waƙoƙi su ne a cikin wayoyin yaran da aka haifa a Agege da Idi-Araba da Sabon Shagamu, ko iyaye sun sani ko ba su sani ba. Na biyu kuma, hanyar da wannan yaro ya bi ita ce wadda kowane ɗan Arewa mazaunin Kurmi ya sani, watau mutum ya koyi sana'a a wani wuri, sa'an nan ya gangaro Ikko neman mai saye.

Abin Da Kunne Ya Fara Ji

Abu na farko da zai bugi kunnen mai sauraro shi ne murya. Murya ce mai kauri da kaushi, wadda takan tashi kamar ana faɗa a tasha, sa'an nan ta sauko ta koma rera waƙa a hankali. Yawancin abin da yake faɗi yabon kai ne da cika baki da gugar zana ga abokan hamayya. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji ɗan wasa yana kirari kafin a kara, ko ya ga 'yan gambara suna jefa magana a kasuwa ba su numfasawa, ba zai ji wannan abu baƙo ba ne, ko da ba ya jin harshen. Shi ya sa Hausawa ba su sha wahalar raɗa wa wannan waƙa suna ba tun da ta iso daga birnin New York na Amurka, inda baƙar fata suka fara ta a shekarun 1970.

Abu na biyu shi ne harshe. Da Turancin buroka yake mafi yawan zancensa, yana cuɗa shi da harshen Ibo da kuma salon maganar samarin titi. Bai yi ƙoƙarin lanƙwasa harshensa don ya yi kama da Ba'amurke ba, kamar yadda waɗansu na gabansa suka yi. Hatta hular da yake sawa, mai ratsin ja da baƙi da fari, ta gargajiyar Ibo ce. Kiɗan ma gamin gambiza ne: a wata waƙar ganga mai nauyi irin ta samarin Landan, a wata kuwa kiɗan hailaif irin wanda dattawan Kudu suka yi rawa da shi tun zamanin garmaho.

Abu na uku shi ne yawa. Waƙoƙi 23 ne a cikin kundin, baƙi kuwa kamar ranar suna. Akwai Wizkid da Davido da Zlatan, akwai Seun Kuti ɗan marigayi Fela, akwai Skepta da Stormzy daga Ingila, har da tsohon gwanin nan Modenine. A nan ne kundin ya yi ƙarfi, a nan ne kuma ya yi rauni. Taron ya nuna cewa yaron ya isa, tun da manya suka amsa gayyatarsa. Amma fa idan baƙi suka cika gida, mai gida yakan rasa wurin zama, kuma akwai wuraren da mai sauraro zai riƙa neman mai kundin a cikin kundinsa. Da an rage waƙoƙin, da waɗanda suka rage sun fi zama a rai.

Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye wa iyaye ba. Bakin mawaƙin ba shi da linzami. Tun kafin wannan kundi an sha sukarsa a kan kalaman batsa da kaushin harshe game da mata, kuma ba a ce ya sake hali ba. Ba kundi ne da magidanci zai kunna a tsakar gida yara suna zaune ba.

Me Ya Kawo Yawan?

Dalilin yawan waƙoƙi da yawan baƙi yana cikin yadda ake sayar da waƙa a yau. A da mutum yakan sayi faifai ko kaset sau ɗaya, ya biya, shi ke nan. Yanzu kuwa waƙa tana zaune ne a manhajoji irin su Spotify da Audiomack da Apple Music, ana ƙirga kowane sauraro, kuma bisa wannan ƙirge ake raba kuɗi. Saboda haka kundi mai waƙoƙi 23 ya fi mai 10 tara lamba. Haka kuma duk baƙon da aka gayyato yakan zo da jama'arsa: masoyan Wizkid za su leƙo, masoyan Stormzy a Ingila za su leƙo, kuma kuɗin da ake samu daga mai sauraro a Ingila ya fi na mai sauraro a Nijeriya nesa ba kusa ba.

Kuɗin ba na wasa ba ne. Kamfanin Spotify, wanda ya fara aiki a Nijeriya a shekarar 2021, ya ce abin da mawaƙan ƙasar nan suka samu ta hannunsa ya haura Naira biliyan 25 a 2023, ya kuma haura biliyan 58 a 2024. Sunan kundin kansa, idan aka juya shi da Hausa, yana nufin injin masana'anta, watau masana'antar waƙa. Abin tambaya shi ne, a ina aka girke wannan inji?

Abuja Ke Shuka

An haifi mawaƙin a Ikko a shekarar 1993, amma a Abuja ya girma, ya yi makaranta a Gwagwalada, kuma a Abuja ya goge tare da ƙungiyar abokansa ta Anti World Gangstars. Ya yi shekaru yana waƙa ba a san shi sosai a wajen birnin ba. Tauraronsa ya fara haske ne a shekarar 2022, sa'ad da kamfanin Native Records na Ikko, mai ƙawance da kamfanin Def Jam na Amurka, ya ɗauke shi. A watan Maris na 2023 ya saki waƙar da ya raɗa wa sunan ɗan ƙwallon Ingila Declan Rice, a watan Yuli kuma ƙungiyar Arsenal ta yi amfani da ita wajen sanar da cewa ta sayi ɗan wasan daga West Ham. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ya sami lambar yabo ta Headies a 2023, ya kuma sake samun wata a 2025.

Wannan labari ba sabo ba ne. Modenine, wanda aka gayyato cikin kundin, shi ma a Abuja ya yi suna a farkon shekarun 2000, haka kuma ƙungiyar Styl-Plus. Kamfanin Chocolate City, wanda lauya Audu Maikori ɗan Jihar Kaduna ya kafa tare da abokansa a 2005, daga Abuja ya faro. Shi ne ya fitar da kundin farko na M.I Abaga, yaron Jos, mai suna Talk About It a watan Disamba na 2008, kundin da ya sauya yadda ake kallon gambarar zamani a ƙasar nan. Bayansa Jesse Jagz da Ice Prince suka biyo, su ma daga Jos. Amma da kasuwa ta buɗe, kamfanin da mawaƙansa duk Ikko suka tattara suka koma.

Dalilin a fili yake. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a watan Fabrairu na 1976, Gwamnatin Janar Babangida kuma ta tare a can ranar 12 ga Disamba, 1991. Ma'aikatu sun ƙaura, amma ciniki bai ƙaura ba. Tun zamanin da kamfanonin EMI da Decca suke buga faifai, a Ikko suke. Da aka koma kaset da faifan CD, 'yan kasuwar Alaba ne suke riƙe da rarrabawa. Yau da aka koma intanet, manyan kamfanonin waƙa da masu tallace-tallace da masu shirya manyan wasanni suna Ikko. Abuja tana da 'ya'yan ma'aikata daga kowace kusurwa, masu jin harsuna biyu ko uku, da makarantu, da natsuwar da yaro zai zauna ya koyi sarrafa magana. Abin da ba ta da shi shi ne babbar kasuwa.

Ina Rabon Mai Waƙa Da Hausa?

A nan ne maganar ta zo gida. A shekarar 2022, kafin duniya ta san shi, Odumodublvck ya fitar da tarin waƙoƙi na haɗin gwiwa mai suna The Drop tare da B.O.C Madaki, mawaƙin gambara daga Jihar Bauchi mai haɗa Hausa da Turanci. Tare suka tsaya a fage ɗaya, kuma masu bin harkar sun san Madaki ba kanwar lasa ba ne. Bayan shekara uku, ɗaya yana waƙa da manyan Landan, ɗaya kuwa har yanzu a Arewa aka fi saninsa. Haka abin yake ga ClassiQ da DJ AB da Morell da sauransu, waɗanda suke da ɗimbin masoya amma ba su sami irin wannan inji a bayansu ba.

Waɗansu sukan ce harshen ne ya tsare su. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Olamide da Yarbanci ya yi suna, Phyno da harshen Ibo, kuma masu jin Hausa miliyoyi ne daga Kano zuwa Maraɗi, daga Kumasi zuwa Sudan. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta nuna a 2020 yadda waƙar Hausa take iya ratsa ƙasa cikin 'yan makonni. Matsalar tana wajen yadda ake sauraro. A garuruwan Arewa da yawa, har da unguwannin Hausawa na Kudu, mutum yakan miƙa wayarsa ga mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa, a cika masa ita a kan kuɗi kaɗan. Mai turawa ya samu, mai waya ya more, mai waƙa kuwa ko sisi. Kuma tun da ba a ƙirga wannan sauraro a ko'ina ba, idan kamfanin Ikko ya duba lissafi sai ya ga kamar mawaƙin ba shi da jama'a. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Wannan ne ya sa mawaƙan Hausa da dama suka dogara ga bukukuwan aure da 'yan siyasa. Wanda kuwa yake cin abinci daga hannun ɗan siyasa, ba zai iya faɗa masa gaskiya ba, alhali kuwa faɗin abin da ke damun talaka yana cikin ginshiƙan gambarar zamani tun asalinta. Ga kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, mai sa ido a kan mawaƙa. Tsare tarbiyya abu ne da jama'a suke so, sai dai hani kaɗai ba ya gina ɗakin ɗaukar murya, ba ya kuma biyan mai kiɗa.

Abin Da Ya Rage

Darasin da ke cikin wannan kundi ga yaran Arewa shi ne mai shi bai yar da harshensa da hularsa ba don a karɓe shi, kuma da su ɗin ne ya bambanta da saura. Abin da ba na koyi ba ne shi ne batsar. Hausa tana da habaici da zambo da karin magana da za su isar da saƙo su huda ƙashi ba tare da an zubar da mutunci ba, kamar yadda Shata da Ɗan Maraya Jos suka nuna shekara da shekaru.

Sauran aikin na masu hali ne. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a watan Maris na 2023, amma doka ba ta kai kanta kotu, sai mawaƙa sun yi rajista, sun sami lauyoyi da wakilai masu karanta yarjejeniya kafin a sa hannu. 'Yan kasuwar Arewa mazauna Ikko, waɗanda suka riƙe cinikin shanu da hatsi da canjin kuɗi tun kaka da kakanni, sun san sirrin wannan gari fiye da kowa, sun kuma san amfanin mai masauki ga baƙon da ya kawo kaya. Yaron da ya taso daga Bauchi ko Kaduna da waƙa a bakinsa shi ma fatake ne, kuma mai masauki yake nema. Idan bai samu a wurin nasa ba, zai samu a wurin wani, ribar kuma ta bi can.

Shi kuwa mai sauraro, ko da bai iya komai ba, yana iya sauraron mawaƙin da yake so ta hanyar da za a ƙirga, domin wannan ƙirgen ne kamfanoni suke dubawa kafin su buɗe jaka. Allah ya sa a gane.