An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ina so mu tattauna kan wata matsala da ke cinye mana kuɗi a banza, wato raunin sabis a kwamfutar cinya.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Wannan ya sa iyaye da yawa a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suke sayar da hatsi ko akuya don su sai wa yaro kwamfuta ta hannu. To, ran da yaro ya buɗe shafi ya ƙi buɗuwa, sai ka ji an ce ai an cuce mu, kwamfutar ba ta da kyau. A biya kuɗin mota zuwa kasuwar Farm Centre a Kano, mai gyara ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. A ra'ayina, yawancin lokaci jaki muke bari muna dukan taiki.

Mu fahimci abu guda. Idan ka haɗa kwamfuta da wayarka ta hanyar waifai, saƙo yana bin zango biyu ne: daga turken kamfani zuwa waya, sannan daga waya zuwa kwamfuta. Saboda haka fara buɗe shafin a kan wayar kanta. In ita ma tana jan ƙafa, kwamfuta ba ta da laifi. Dubi saman wayar: harafin E yana nufin sabis mai rauni, 4G ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Nisa da turke yana raunana sabis, haka ma duwatsu irin na Riruwai da itatuwa masu duhu irin na Dajin Falgore. A cikin gida kuwa, rufin kwano yana mayar da shi baya, katangar ƙasa mai kauri tana shanye shi. Maganin nan kyauta ne: ɗora wayar a sama, bakin tagar da ke fuskantar turken garinku. Ka kuma gwada layin wani kamfanin, domin wanda ya yi ƙarfi a Kwanar Ɗangora ba lallai ya yi a Tiga ba.

In waya na gudu amma kwamfuta na rarrafe, to matsalar tana zango na biyu. Matso da su kusa, kada randar ruwa ko ƙofar ƙarfe ta shiga tsakani. Eriyar yawancin kwamfutocin nan tana jikin murfi, gefen gilashi, don haka buɗe shi sosai. Waifai yawanci iri biyu ne, mai lamba 2.4 da mai lamba 5. Na biyun ya fi sauri, amma na farkon ya fi cin nisa da ratsa bango. Haka kuma in caji ya yi ƙasa, kwamfuta kan rage wa waifai ƙarfi don ta tsimi batir, sai a jona ta da wuta. Sa lambar sirri mai ƙarfi, kada yaran unguwa su hau kai ba ka sani ba. In duk an yi bai yi ba, kashe su ka sake kunnawa, ko ka haɗa su da igiyar USB, ta fi tabbas.

Sai fa in kwamfutar abokinka ta kama a wurin da taka ta ƙi, sannan ne za a nemi mai gyara. Wataƙila siririyar wayar eriya ce ta tsinke a maganaɗin murfi, kuma akwai ɗan abin kama waifai da ake soka wa a ramin USB, bai kai kuɗin sabuwar kwamfuta ba ko kusa.

Wani zai ce ni ba injiniya ba ne. Haba ɗan'uwa! Manomi ai ba likitan dabbobi ba ne, amma yakan duba kofaton sansa kafin ya kai shi kasuwa. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowace naira abin tattali ce. Wani lokaci ma laifin ba na nan kusa ba ne: ran 14 ga Maris, 2024, igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsala.

Kira na ƙarshe ga iyayenmu da shugabanni. Ƙauyen da babu turke kusa da shi, dabarar taga ba za ta wadatar ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF don kai sabis karkara, kuma NCC na karɓar ƙorafi kyauta a lamba 622. A haɗa kai a rubuta, a tuna wa wakilanmu. Ku kuma ɗalibai, ku gwada waɗannan tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba da sa'a, amin.